Ɗumin Hannun Yaya

Ni akawu ne a wata cibiyar binciken ƙwaƙwalwa. Aikina bai wuce takardu ba: wanda aka ɗauka, wanda ya tafi hutu, abin da aka sayo, abin da ya lalace. Amma ba labarina zan bayar ba, na yayata ne, wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ranar da ta fara aiki a wurinmu aka ji ina ce mata Yaya, kowa ya ɗauka. Yanzu daga maigadi har shugaban cibiya haka suke kiranta, har waɗanda suka girme ta.

Abu na farko da duk wanda ya san Yaya zai gaya maka shi ne hannunta. Ba girma gare shi ba, ba kuma laushi ba, ɗumi ne da shi kamar an ɗauko shi daga kusa da murhu. Tun muna yara, idan gwiwar Innarmu ta motsa, ba ta neman man zafi, sai ta ce a kira mata babbar. Yaya ta zo ta ɗora tafukanta biyu a kan gwiwar tana ba mu labari, kafin labarin ya ƙare Inna ta yi barci. Ni ma idan zazzaɓi ya kama ni ina rawar sanyi, hannun nan nake nema ba bargo ba.

Bayan ta yi aure, cikinta na fari bai kai lokacinsa ba ta haihu. Yarinyar ta zo 'yar mitsitsiya, fatarta kamar takardar da ruwa ya taɓa. A asibitin da aka kai su kwalaben ɗumama jarirai duk sun cika. Wata tsohuwar nas ta dubi Yaya ta ce, "Ke ce kwalbar." Ta kwantar mata da jaririyar a ƙirji, fata da fata, ta naɗe su da zane. Haka Yaya ta zauna makonni, tana ci a zaune, tana barci a jingine, hannunta biyu a bayan yarinyar. Yarinyar ta rayu. Har yau Bakwaini muke ce mata, ko da yake yanzu ta fi uwarta tsawo, kuma ita ma nas ce a ɗakin jarirai.

Daga nan Yaya ta ɗauki wata ɗabi'a da ba ta san tana yi ba. Duk abin da take ji da shi, a ƙirji take riƙe shi, da hannu biyu. Ƙwai, takardar asibiti, sabon kofi, ɗan tsakon da ya jiƙe. Mun sha yi mata dariya a kan haka. Ba wanda ya taɓa zaton wata rana abin zai kusa raba ta da aikinta.

Mijinta direban babbar mota ne. Da idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi, ɗinkin da take yi a gida kuma bai isa riƙe gida ba. Lokacin ne aka buɗe gurbin mai wanke kwalabe a cibiyarmu. Na gaya mata, ta nema, aka ɗauke ta. Ta yi shekara da shekaru a ɗakin wanki, hannu cikin ruwan sabulu, tana wanke 'yan siraran kwalaben da ake kiwon ƙudaje a ciki. Daga baya aka mayar da ita ɗakin dafa abincin ƙudajen, inda ake dama garin masara da sukari da yis a babbar tukunya, a zuba kaɗan-kaɗan a gindin kowace kwalba, a toshe baki da auduga.

Amma ranta ba a tukunya yake ba. Duk sa'ad da ta kai tiren abinci ɗakin tantancewa, sai ta ɗan tsaya tana kallon masu zama gaban madubin ƙara girma, kowa da ɗan buroshinsa mai laushi, yana ware maza daga mata, masu jan ido daga masu farin ido. Wata rana ta roƙi a bar ta ta leƙa. Abin da ta gani ya hana ta sakat. Ta same ni a ofis ta ce, "Akawu, ka san ƙuda gashin gira gare shi? Wallahi har da kwalliya." Na ce Yaya a bar ni in yi aiki.

Ba ta iya da wuri ba, kada in yi mata ƙarya. Farkon da aka ba ta dama, buroshin ya yi ta murƙushe mata ƙudaje, ta kan ɗauki mace ta ce namiji. Sai ta koma amfani da lokacin cin abincin rana, tana gwaji da ƙudajen da za a zubar. Ta yi ta yi har hannun ya faɗa. Ranar da na buga takardar da ta mayar da ita mai tantance ƙudaje, sai da na karanta ta sau biyu don daɗi. Aka ba ta madubin da ke kusa da taga da wata doguwar kujera mai zagayayyen mazauni. A makon ta ɗinka wa kujerar 'yar katifa da ragowar yadi mai ruwan ganye. Duk cibiyar an san kujerar Yaya ce, ko shugaba ya shigo ba ya zama a kai.

Shugabar ɗakin binciken mace ce 'yar firit mai saurin tafiya, ba ta kai Yaya shekaru ba. Dakta muke ce mata. Abin da take nema shi ne ta san wace ƙwayar jijiya ce ke yin wane aiki a cikin kan ƙuda. Ba ƙudan bola ba, 'yan mitsi-mitsin nan da ke taruwa kan ayaba idan ta nuna ta wuce. Ta taɓa tara mu, har da mu na ofis, ta yi mana bayani.

Ta ce, "Ku ɗauka gida ne babba, fitilu ba iyaka, makunnai jere a bango ba rubutu. Ta ina za ku gane na ɗakin girki? Sai dai a danna ɗaya a ga inda ya haska. To ƙwayar jijiya ba ta da abin da yatsa zai danna, sai mu sa mata."

Makunnin da take nufi wani furotin ne da ke jin zafi. Yana zama a jikin ƙwayar jijiya kamar 'yar ƙofa. In wuri da sanyi ƙofar na rufe. Da zarar wuri ya ɗan yi ɗumi sai ta buɗe, ƙwayar ta farka ta shiga aika saƙo. Ana iya haɗa irin ƙudaje ta yadda furotin ɗin zai fito a 'yan ƙwayoyin da aka zaɓa kaɗai. Sai a yi kiwonsu a ɗaki mai sanyi, ranar gwaji a fara kallonsu a sanyin, sannan a ɗora su kan wani farantin ƙarfe mai ɗumi a ga abin da zai sauya. Wasu su kama karkaɗa fiffike, wasu su shiga gyaran jiki ba ji ba gani. Ƙa'idar dai guda ce, kuma Dakta ta nanata ta: dole a sanyi ƙuda ya kasance lafiya lau kamar kowane ƙuda. In tun a sanyi yana wani abu daban, gwajin ya tashi a banza, don ba ka da hujjar cewa ɗumin ne ya jawo.

Ana nan aka samu wani iri da Dakta ta daɗe tana haɗawa. Idan aka ɗora su kan faranti mai ɗumi, sai su kama tafiya da baya, kamar mota ta shiga lungun da ba ya ɓullewa. Murna a wurin Dakta ba a magana. Ta raba aikin tantance su biyu, rabi ga Yaya, rabi ga wani ɗalibinta mai neman babban digiri da muke kira Dogo. Kowa ya ware nasa, ya bar su su huta, ranar gwaji ya kai su ɗakin kyamara da ke can ƙarshen siririyar hanyar da ta ratsa tsakanin ɗakunan.

Nan matsala ta fara. Ƙudajen Dogo suna isa lafiya, a sanyi su yi gaba, a ɗumi su yi baya. Na Yaya kuwa tun ana juye su gaban kyamara, faranti bai ko kunnu ba, sai a ga suna ja da baya, suna tuntuɓe da juna. Bayan ɗan lokaci su dawo daidai, amma an riga an ɓata ma'auni.

Dakta ba mai saurin ɗora laifi ba ce. Ta bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ko iskar da ake sa su barci da ita lokacin tantancewa ce ke yi musu yawa, Yaya ta rage. Ta ce ko abinci ne, aka ga daga tukunya ɗaya ake zuba wa kowa. Aka sauya buroshi. Aka duba ma'aunin zafin ɗakin kiwo da na hanya da na ɗakin kyamara, duk sanyi ƙalau. Yaya da kanta ta je aka sake mata tabarau. Ba abin da ya sauya.

Dogo ba mugu ba ne, baki ne da shi. Ya kan ce, "Yaya, ko dai tsawa kike yi musu a hanya? Ni ma in kika harare ni baya nake yi."

Ta ce, "Kai da ƙafa kake buɗe ƙofa kamar ɗan sanda, kai ne za ka koya mini lallaɓa abu?"

Suna dariya, amma ni na san dariyar Yaya, wannan ba ita ba ce.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya zo daga baya. Dakta ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta kalli yadda take tantancewa daga farko har ƙarshe, ba ta ga kuskure ko ɗaya ba. Ranar gwajin waɗannan kuwa Dakta ce da kanta ta jera kwalaben a tire ta kai ɗakin kyamara. Ƙudajen suka fito lafiya lau. Ba wanda ya furta, amma kowa ya karanta abin iri ɗaya: in ana kallonta tana yin aiki da kyau, in an juya baya sai ta yi sakaci. Yaya ta ga wannan a fuskokin mutane. Matar da ko cokali ta wanke sai ta ɗaga shi ga haske.

Wata ranar Juma'a Dakta ta shigo ofishina ta rufe ƙofa. Ta daɗe tana juya biro a hannu kafin ta ce, "Akawu, ka san ba na son abin da zan faɗa. Aikin nan shekaruna ne a ciki, kuma rabin sakamakon yana zubewa. Ka shirya takardar mayar da Yaya ɗakin abinci. Ba abin da za a rage mata. Ba zan sa hannu ba sai an gwada na mako mai zuwa, in aka sake samun haka, shi ke nan."

Na ce to. Aikina ne. Na buga takardar, na duba ba kuskure, na sa ta a fayil. Ban taɓa jin nauyin takarda guda kamar ranar ba. Ba a rage mata komai ba, gaskiya ne, sai kujerar nan mai katifa ruwan ganye, wadda Yaya ta yi shekaru tana tafiya kafin ta iso gare ta.

Washegari da la'asar na je gidanta. Dakta ta riga ta gaya mata da bakinta, don haka ba sai na ɓoye komai ba. Na tarar da Bakwaini ta dawo daga aiki tana kwance kan doguwar kujera, ƙafa a kan hannun kujerar. Maigidan yana tsakar gida yana fama da rediyonsa. Yaya ta buɗe firiji ta ɗauko mini kwalbar lemo mai raɓa, amma maimakon ta miƙo mini sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta shiga magana. Ta faro tun daga ɗakin wanki. Ta bi ta kan tukunya, da ƙudajen da ta murƙushe tana koyo, da tabarau, da kallon da ake yi mata yanzu. Duk wannan kwalbar na ƙirjinta, ta rufe ta da hannu biyu. Ni kuwa ƙishi kamar ya kashe ni, amma wa zai katse ta?

Bakwaini ce ta gaji ta ce, "Umma, don Allah ki ba Kawu lemon nan kafin ki dafa shi."

Yaya ta duba hannunta kamar ba ta san da kwalbar ba, ta miƙo mini. Na kurɓa na ce, "Yaya, sanyin ya gudu. Saura kaɗan in nemi madara da burodi."

Bakwaini ta tuntsire da dariya. "Ai Kawu duk abin da Umma ta rungume sai ya nuna. Ga ni nan shaida."

Mu biyu muna dariya, Yaya ba ta yi ba. Ta zauna a hankali bakin kujera, ta buɗe tafukanta tana kallo. Can ta ce, "Akawu, farantin nan na Dakta, zafinsa ya kai na jikin mutum?"

Ni na cike takardar sayen farantin, don haka na sani. Na ce ina, ko kusa, digiri talatin ma da ƙyar ake kai shi. Bakwaini ta tashi zaune ta ce jikin mutum ya haura haka nesa, tafin hannu ya ɗan yi ƙasa da na cikin jiki, amma na uwarta kam ba ta rantse ba.

Na ce, "Tsaya, Yaya. Ba a tire kike kai su ba?"

Ta girgiza kai. Ta ce tun tana ɗakin wanki wata ɗaliba ta yi tuntuɓe da tire a hanyar nan, kwalabe suka tarwatse, ƙudajen wata da watanni suka tashi sama. Ita aka kira ta share, yarinyar na durƙushe tana kuka. Tun ranar ta ce in Allah ya kai ta ga ɗaukar ƙudaje, ba za ta amince wa tire ba. Kwalaben gwaji ba su da yawa, tana haɗa su a hannu biyu ta manna a ƙirji.

Na ce ai hanyar ba ta da tsawon da za su yi ɗumi.

Ta ce, "Ba tafiyar ba ce. In na isa, sau da yawa jar fitilar ƙofa na kunne, Dakta na ɗaukar hoton na wani. Sai in tsaya in jira."

"Me ya hana ki ƙwanƙwasa?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Mutum na tsakiyar aiki? Haka Inna ta koya maka?"

Ashe Dogo in ya iso, tirensa yake direwa a ƙasa ya doki ƙofa da ƙafa. Yaya kuwa sai ta jingina da bango ta yi shiru, ƙudaje a ƙirji, har fitila ta mutu. Tana shiga ta jera su a mazauninsu kafin Dakta ta ɗago kai daga kwamfuta. Ba wanda ya taɓa ganin yadda suka iso.

Na zaro waya zan kira Dakta, Yaya ta riƙe mini hannu. Ta ce, "A'a. Baki ya yi magana ya gaji. Bari ta gani da idonta. In kuma ba shi ba ne, kada in ƙara wa kaina kunya."

Ranar Litinin na ƙirƙiro dalilin kai wata takarda ɗakin kyamara, don kada a ba ni labari. Yaya ta shigo da kwalba biyu a kan tire, tana riƙe da shi nesa da jiki kamar mai ɗauke da garwashi. Ta ce, "Dakta, ina roƙon alfarma. Ki dubi waɗannan."

Dakta ta duba. Ƙudaje na hawa bangon kwalba, kowa gaba yake yi.

Yaya ta bar ɗaya a tire, ta ɗauki ɗaya ta rufe da tafukanta ta manna a ƙirji. Ta tsaya shiru yadda take tsayawa a bakin ƙofa. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, Dakta ta ɗaga masa hannu. Da aka ɗan jima Yaya ta buɗe hannu ta ɗaga kwalbar ga haske.

Duk cikinsu ba mai yin gaba. Suna ta sulalowa da baya, wani na taka wani. Na kan tire kuwa ko a jikinsu.

Dakta ta nemi kujera ta zauna. Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce. Ta ce, "Na auna ɗaki, na auna hanya, na auna faranti. Ban auna mutum ba!"

Yaya ta ce, "Laifina ne, Dakta. An ce tire, na ƙi tire."

"Laifin ya ishe mu mu biyu, Yaya, kowa ya ɗebi nasa. Amma tsaya, kada mu yi murna tukuna."

A nan na ga dalilin da ya sa ake ce mata Dakta. Ba ta yarda da gani ɗaya ba. Ta zura siririn ma'aunin zafi ta cikin audugar, ta sa Yaya ta sake riƙewa, muna kallon lamba na hawa har ta wuce inda ƙofar furotin ke buɗewa. Ta aika aka kawo ƙudajen da ba su da furotin ɗin sam, Yaya ta rungume su har ta gaji, suka ci gaba da harkarsu. Ta lulluɓe wata kwalba da baƙin ƙyalle ba tare da hannu ba, don a tabbatar ba duhu ne ke ruɗa su ba. Ta sa aka ɓoye alamar kwalabe yadda ita kanta ba ta san wadda aka riƙe ba sai bayan ta rubuta abin da ta gani. Duk inda aka juya, amsa ɗaya ce.

Daga ƙarshe ta ce Dogo ma ya riƙe. Ya riƙe, ya riƙe, da ƙyar ƙuda biyu suka ɗan ja da baya kamar masu shawara.

Yaya ta taɓa bayan hannunsa ta ce, "Wannan hannu ne ko kwaɗo? Allah ya ji ƙan matar da za ta aure ka."

Wannan karon dariyar tata ce ta gaske, har ɗakin wanki an ji ta.

Da yamma Dakta ta zo ofishina ta ce in ba ta takardar nan ta yaga. Na ce ba a yaga abin da ya riga ya shiga fayil. Ta ce to me ake yi? Na ba ta jan biro, ta ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta rubuta an soke, ta sa hannu. Sa hannun da ta yi a takardar ke nan, na farko kuma na ƙarshe.

Sakamakon da aka yi zaton ya zube bai dawo ba, sai da aka sake gwajin daga farko. Amma yanzu na Yaya da na Dogo sun zo daidai, kuma abin da Dakta ta daɗe tana nema ya tsaya da ƙafarsa: waɗannan 'yan ƙwayoyin jijiya, in aka tashe su, ƙuda baya yake yi. Abin da ya ba Yaya wuya shi ne tire. Makonnin farko in ka gan ta a hanya sai ka tausaya mata, hannu a miƙe, wuya a sandare, tana yi wa ƙudajen magana ƙasa-ƙasa wai su yi haƙuri ba ƙinsu take yi ba. Ƙwanƙwasa ƙofa kuwa har yau ba ta iya ba. Dakta ta gaji ta sa kafinta ya kafa 'yar kantar katako mai baki a bangon kusa da ƙofar, inda za a ajiye tire a jira. Kantar Yaya ake ce mata.

Da aka buga sakamakon binciken, Dakta ta kawo mini kwafi don fayil. A sashen da ake bayyana yadda aka yi aiki akwai jimla guda da ke cewa ba a taɓa kwalaben da hannu kafin gwaji. A jerin waɗanda suka yi aikin kuma, bayan sunan Dogo, ga na yayata. Na kai mata. Ba ta jin harshen da aka rubuta takardar da shi sosai, amma sunanta ta gane. Ta karɓa da hannu biyu, kun san inda ta kai ta.

Cibiyarmu kan buɗe ƙofa wani lokaci don iyalan ma'aikata da 'yan makaranta su zo su ga abin da ake yi. A wanda ya biyo baya, Dakta ba ta fito da farantin ƙarfe ba. Ta yi bayanin gida mai fitilu da makunnai, sannan ta ce, "Yanzu ga makunnin," ta kira Yaya. Yaya ta fito cikin farar rigar aiki da ta sha guga. Ta ɗaga kwalba kowa ya ga ƙudaje na hawa. Ta rufe ta a ƙirji tana amsa tambayoyi, har da ta wani malami da ya so ya san ko zafin na cutar da su. Ta ce a'a, ɗumi ne ba ƙuna ba, da sun huce za su koma yadda suke. Ta buɗe hannu a ƙarƙashin kyamara, ƙudaje suka bayyana a babban allo, manya-manya, suna tafiya da baya. Ɗakin ya kaure da ihu da tafi. Ta ajiye kwalbar kan tebur mai sanyi, a hankali suka juyo suka kama gabansu, aka sake tafi.

Maigidanta yana layin gaba. Ba ya ganin allon sosai, amma ya fi kowa tafi, yana gaya wa na kusa da shi, "Ni na yi shekaru ina koyon ribas da babbar mota, ita ga shi ta koya wa ƙuda a tsaye."

Bakwaini ta matso kusa da ni tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Kawu, ka ga ikon Allah. Hannu ɗaya ne. Su ya sa su baya, ni ya sa ni gaba."

Yaya na nan a kujerarta kusa da taga. Katifar ruwan ganye ta tsufa ta sake mata riga, wannan karon ruwan goro. Yanzu ita ke koya wa sababbin zuwa tantance ƙudaje, har masu manyan digiri. Duk wanda aka kawo mata, kafin ta nuna masa madubi ko buroshi, sai ta ce ya miƙo hannu. Ta riƙe shi ɗan lokaci tana jinjinawa. In ta ji sanyi ta ce, "Kai ɗan gidan Dogo ne, wuce." In ta ji ɗumi sai ta yi murmushi, ta jawo tire ta ɗora masa a hannu, ta ce, "Kai nawa ne. Zo in gaya maka abin da ya same ni."